Yarinyar da Ba Ta Shiga Lissafi Ba

A makon jiya, wajen horar da sababbin ma'aikata, wata ɗaliba mai suna Hauwa ta ɗaga wayar nan mai faɗi da aka raba muku, ta juya ta gaba da baya, ta ce mini, "Anti Rabi, ashe aikin ke nan? A shiga gida, a yi tambaya, a danna. Ai ko ƙanwata ta iya." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, don yarinyar ba ta da mugun nufi. Amma tun ranar maganar take cina. To ku gyara zama, ku masu ganin binciken lafiyar jama'a danna waya ne. Yau sai kun ji yadda na kusa janyo wa unguwa guda asarar cibiyar kula da yara, ni da hannuna, ina murmushi ina ganin na fi kowa iya aiki.

Ku fara sanin abin da muke yi. Ba wanda zai iya auna duk yaran Maiduguri, ko da zai shekara yana yawo. Sai a ɗauki kaɗan, a auna su da kyau, su tsaya a madadin sauran. Mai miya ma cokali ɗaya take ɗanɗanawa ta san gishirin tukunya duka, amma fa sai ta juya tukunyar tukuna. Duk wahalar sana'ar nan a wajen juyawar take.

Ni da taɓarya na fara. Ina ƙaramar ma'aikaciya a wani ɗakin shan magani aka ce ana neman mata masu jin Hausa da Kanuri don aikin awon yara gida gida. Mahaifina Bakano ne, tela, amma a nan aka haife ni, Kanuri a bakina yake tun ina rarrafe. Aka haɗa ni da Malam Bukar, tsohon duba-gari, dogo siriri, hularsa kullum a karkace. Hausarsa irin ta dattawan garin nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Ranar farko ya miƙo mini tef ɗin awon damtse, wannan siririn mai launi uku, kore da rawaya da ja, ya kawo taɓarya ya zana mata layi da alli, ya ce in auna wurin sau ashirin, ina rubutawa ina kifewa. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina tsohon nan ya raina ni. Da na buɗe takardun sai ga lambobi kala huɗu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai Rabi, taɓaryar ce ta yi ƙiba ta rame, ko idonka ne?"

Bayan taɓarya sai yara na gaske, kuma nan ne ido ya raina fata. Ana zaunar da yara goma da iyayensu mata, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki auna, a karɓe takardar, ki sake zagayowa ba tare da kin ga abin da kika rubuta da farko ba. In awon biyu bai zo ɗaya ba, kin faɗi. Sau biyu ina faɗuwa. Hannun yaro ba taɓarya ba ne, nama ne mai laushi. Kika ja tef da ƙarfi, kin mayar da lafiyayye mai tamowa. Kika sake shi, kin sallami mara lafiya ya koma gida. Hannun hagu ake aunawa, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kuma yaron yana ihu yana harbin ki, uwarsa tana ce miki ki yi sauri tuwonta zai ƙone. Ranar da na ci jarrabawar Malam Bukar bai ce madalla ba, goro kawai ya ɓara ya miƙo mini rabi. Wallahi har gida na kai goron nan ina nuna wa mutane.

Sikelinmu na lokacin mai rataya ne, da ɗan wando da ake zura yaro a ciki. Sai ki nemi reshe ko ƙarfen rumfa ki rataya, yaro yana lilo yana tsala ihu, allurar sikeli tana rawa, ke kuma kina jiran daƙiƙar da za ta tsaya. Allon awon tsayi kuwa katako ne mai nauyin tsiya, ya cinye mini kafaɗar riguna ba adadi. Shekarun yaro ma aiki ne. Uwa ba ta da takardar haihuwa, in kika ce watansa nawa za ta ce ai ya fara tafiya. Sai ki bi ta da dabara. Kafin azumi aka haife shi ko bayan sallar layya? Lokacin ana dashen shinkafa a Zabarmari ko ana yanka? Mangwaro ya shigo kasuwa? Haka za ki yi ta matsewa har ki kama watan. Wanda kuma ya ga wahala ya samu gindin dogon yaro ya zauna ya cika takardu daga kansa, Malam Bukar kallo ɗaya yake yi ya gane shi, don lambobin maƙaryaci duk da sifiri ko biyar suke ƙarewa.

Amma babban kayan aikinmu hular Malam Bukar ce. In muka isa unguwa, sai mu bi gida gida mu sa wa kowace ƙofa lamba da alli. Sannan a rubuta lambobin a ƙananan takardu, a nannaɗe, a zuba a hula, a girgiza, a ba Bulama, wato mai unguwa, ya sa hannu ya ɗebo a gaban kowa. Gidan da lambarsa ta fito shi za mu shiga, ko da a bayan kwata yake, ko da kare ne a ƙofar. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu zaɓa da kanmu ba, tunda muna da ido. Ya ce, "Ƙafarka tana da son kai. In ka bar ta, gida mai inuwa za ta kai ka, na bakin titi, inda ake ba da ruwan sanyi. Hula ba ta san kowa ba."

To sai ga shekarar da ƙauyuka suka kwaso suka shigo gari. Waɗanda suka gani ba sa bukatar a faɗa musu. Mutane a bayan manyan motoci, mutane a ƙafa da tabarma a ka, makarantu sun cika, kangaye sun cika. Masu taimako duk sun karkata ga sansanoni, don a can ake ganin mutane a fili. Wata ƙungiya ta samu halin buɗe cibiya guda ɗaya tak a cikin gari, inda za a riƙa ba yara masu tamowa madara da abincin magani, kuma unguwanni biyu ne ake tunani: ɗaya a hanyar Dusuman, ɗaya a wancan ɓangaren gari. Matar da ke jagorantar binciken, wadda duk muke kira Likita, ta ce magana ɗaya ce, inda awo ya nuna yara sun fi jin jiki, can za a kai. Kwana biyar aka ba mu. Aka raba mu ƙungiya biyu, Malam Bukar yana zagaya mu duka, ni kuma a karon farko aka ba ni shugabancin ta hanyar Dusuman. Kai, ranar ko ƙasa ban taka da kyau ba don murna.

Da muka isa, Bulama ya tarbe mu da "lale, lale", ya fito da wani littafi mai bangon leda. A ciki akwai kowane magidanci na unguwar da lambarsa da yawan 'ya'yansa, rubutu tsaf. Na duba littafin, na tuna sa lamba da alli zai cinye mana yini guda, ga dokar hana fita da ke kora mu gida da wuri. Sai na ce ai ga aiki an gama mana. Muka kwafi lambobin daga littafin muka zuba a gyalena, Bulama ya ɗebo. Ƙuri'a dai an yi ta, ba wanda zai ce ban yi ba. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe aka rubuta littafin ba, kuma su wa ba sa ciki.

Kwana uku muka yi muna shan daɗi. Duk gidan da muka shiga sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, wani wurin har a sa mana turaren wuta. Mu ce a kawo yaran gidan, a fito da su an yi musu wanka an sa musu kwalli. In na naɗa tef, kore. Na gaba, kore. Jefi jefi rawaya. Muna gama gidajenmu tun kafin la'asar, ina zolayar 'yan ɗaya ƙungiyar cewa su zo in koya musu aiki. A raina na riga na yanke cewa cibiya ta wancan ɓangaren ce, mu namu yaran lafiya lau.

A rana ta uku muka shiga gidan Alhaji Modu, mai sayar da banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Shi yana kasuwa, matarsa Ya Falmata ce ta karɓe mu, ta kawo yaranta biyu, duk kore. Azahar ta yi, na roƙi buta na zagaya baya don in yi alwala. A nan na ga igiyar shanya. Malam Bukar, da yake tsohon duba-gari ne, ya saba mini da ƙirga abin da ba a ce in ƙirga ba, don haka idona ya bi igiyar da kansa. Rigunan yara ƙanana har goma sha ɗaya, a gidan da aka ce yara biyu ne. Ga kuma wata ƙatuwar tukunya a kife, irin ta gidan biki. Ina tsaye da buta a hannu sai na ji kuka daga ɗakin ajiyar kifi. Kukan yaro mai tamowa daban yake, siriri ne, ba ƙarfi, kamar na ɗan kyanwa. Wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa.

Na ɗaga buhun da aka rataya a ƙofar. Ɗakin yana warin banda, kwalaye a jibge babu komai a ciki, a bayansu mata uku a zaune da yara biyar. Na gaishe su da Kanuri na ce, "Wushe," suka amsa ƙasa ƙasa. Wadda ke riƙe da mai kukan sunanta Yagana, 'yar kuma Bintu, ta kusa shekara biyu amma ba ta iya zama da kanta. Kafin in ciro tef na kama damtsenta, babban yatsana da manuniya suka zagaye shi suka haɗu har suka wuce juna. Tef ɗin ya faɗa cikin ja can ciki. Tsoro ya kama ni, don nan take na tuna duk gidajen da na wuce ina dariya.

Ya Falmata ta biyo ni, ta tsaya a ƙofa tana murza gefen zaninta.

Na ce, "Ya Falmata, su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Baƙinmu ne. Mijin Yagana shi ke kawo wa Alhaji kifi daga tafki shekara da shekaru. Da abin ya same su, nan suka nufo. Shi har yau ba labarinsa."

"To me ya sa ba ki fito da yaran ba?"

"Alhaji ya hana. Ki duba fa, 'yata. In kuka rubuta yaro ya rame a gidan Alhaji Modu, me za a ce? A ce ya karɓi baƙi ya bar su da yunwa? Wallahi abin da muke ci shi suke ci, kifin ne ba ya zuwa. Kuma sunan baƙo a takarda a wannan zamanin, wa ya san hannun da za ta faɗa?"

Na ce, "Sauran gidajen ma haka ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk mai ɗaki a unguwar nan yana da baƙi."

Abin da na fara yi daidai ne. Na rubuta takardar turawa asibiti, na tare keke mai ƙafa uku, na sa Yagana da Bintu da ɗaya daga cikin ma'aikatana suka tafi. Abin da na yi bayan nan shi ne shirme na biyu. Na zauna na cika wa yaran ɗakin nan biyar takardun bincike, na cusa su cikin na sauran, na kuma ce wa ma'aikatana gobe ba ruwanmu da ƙuri'a, gida gida za mu bi muna cewa a fito mana da ramammu. Na rantse cibiyar nan sai ta zo unguwar nan.

Da la'asar Malam Bukar ya iso. Ina ba shi labari, shi kuma yana juya takardun a hankali. Ya zare guda biyar ɗin ya ɗaga.

"Waɗannan wa ya zaɓe su?"

Na ce, "Ni."

"Kai hula ne?"

Na ce, "Baba, yaran nan mutuwa za su yi."

Ya ce, "Wanda ka gani, ka kai shi asibiti, ko ɗari ne. Wannan wajibi ne. Amma lissafi daban. Kwana uku masu gida suna zaɓa maka masu ƙiba, ka rubuta ƙarya ba ka sani ba. Yanzu kai za ka zaɓi ramammu, ka rubuta ƙarya kana sane. Wancan unguwar fa? Yaransu ba su da uwaye? In nasu ya fi tsanani, ka ƙwace musu cibiya da biro, wa zai amsa?"

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce shi takarda ta fi masa 'ya'yan mutane. Ya ja layi a kan takardun biyar, ya ce in tashi mu je wurin Likita in faɗa mata da bakina abin da na yi da littafin Bulama.

Tafiyar nan ta yi mini tsawo. Na tsaya gaban Likita na ce aikin kwana uku ya lalace, kuma ni na lalata shi. Na zaci kora ce. Sai ta juya ga shugaban ɗaya ƙungiyar ta ce, "Ku da alli kuka sa lamba, na sani. Amma kun leƙa bayan gida?" Ya ce su ma ba su leƙa ba. Likita ta buga tebur, ba don fushi ba, idonta har ƙyalli yake, ta ce to an gano bakin zaren. Dole unguwannin biyu a sake su da ƙa'ida iri ɗaya, in ba haka ba ba za a iya gwada su da juna ba. Daga yau gida shi ne duk wanda ya kwana a ciki jiya kuma ya ci daga tukunyarsa, ɗan gida ne ko baƙo. Kango ma in da mutum a ciki a sa masa lamba. Kwana biyu suka rage, ta roƙo mana ɗaya a kai, ta ce in ba mu gama ba da takardun farko za a yanke hukunci.

Washegari da sassafe muna ƙofar Bulama, dattawan unguwa sun taru, Alhaji Modu a cikinsu fuska a murtuke, ya ji an shiga masa ɗakin ajiya. Malam Bukar ya yi gaisuwa da Kanuri mai tsawo, irin wadda ba a gaggawa da ita, sannan ya ce in yi magana. Na durƙusa na ba Alhaji haƙuri. Na miƙa masa takardar bincike wadda ba a cika ba, na ce ya duba da kansa, babu wurin suna, lamba ce kawai, ba wanda zai san gidan wane ne. Ya juya ta ya juya.

Na ce, "Alhaji, Bintu ta kwana a asibiti. An ce ta karɓi madara."

Sai ya ɗago. Malam Bukar ya ce, "Modu, ramar yarinyar nan a hanya aka yi ta, ba a gidanka ba. Kai ka buɗe ƙofa lokacin da kasuwarka ta mutu. Takardar nan abin da za ta nuna shi ne unguwarku ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta ba ta yi kuka ba. In kun ɓoye su, masu madara za su ce nan lafiya lau, su wuce."

Alhaji Modu ya dubi sauran dattawan. Can ya miƙo hannu ya ce a ba shi allin. Shi ya shige mana gaba, yana buga ƙofofi yana kiran masu gida da sunansu, yana cewa, "Ku fito da su, ni ma na fito da nawa." Jama'a, ban taɓa ganin sa lamba mai daɗin wannan ba! Ɗakunan ajiya, zaure, shagon da aka rufe, kangon da ko rufi babu sai leda, ko'ina mutane suna fitowa. Allinmu ya ƙare, aka aika makarantar allo ta kusa aka samo gawayi muka ci gaba. Gidan Alhaji ya samu lamba arba'in da ɗaya, da hannunsa ya rubuta.

Aka zuba takardu a hular Malam Bukar, ta cika har tana zuba. Bulama ya naɗe hannun riga ya fara ɗebowa, ana kiran lamba ana rubutawa. Ni kuwa ba abin da nake ambata a zuci sai arba'in da ɗaya. Na san abin da ke cikin ɗakin nan, na san yara biyar ɗin nan kaɗai za su jan awon unguwar zuwa inda nake so. Aka kira talatin da tara. Aka kira arba'in da uku. Aka kira ta ƙarshe, ba ita ba ce. Na dubi Malam Bukar, na san ya gane roƙon da ke idona. Ya juye sauran takardun a aljihu, ya kakkaɓe hularsa, ya kafa ta a karkace, ya ce, "Ɗauki allon awonka, rana tana yi."

Kwana biyu muka yi muna gudu. Ba zama a tabarma, ba turare, ruwa ma a tsaye muke sha. Kuma abin mamaki, hular da ba ta san kowa ba ta kai mu inda ni ban isa in zaɓa ba. Gida mai fenti da ƙofar ƙarfe, a ciki ja biyu. Kangon da na ɗauka za mu tarar da tashin hankali, yaran kore, don uwar tana tuya a bakin titi. Duk wanda ya faɗa ja muna rubuta masa takardar asibiti, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa da wanda uwarsa ta tare mu a hanya, amma na ƙuri'a kaɗai ke shiga jakar bincike. Sauran yara huɗu na ɗakin Alhaji ma na tura su, ban rubuta su ba. Muka miƙa takarda ta ƙarshe ana kiran la'asar a ranar da wa'adi ya cika, ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, amma ina ta dariya ni kaɗai.

Da aka zauna yanke hukunci, wani babba ya zo daga ofishin masu ba da kayan, mutum mai shakkar komai. Ya ga awon unguwarmu ya ce wannan ya yi muni da yawa, ma'aikata sun bi ramammu ne don su jawo cibiya, ya sha ganin haka. Likita ta shimfiɗa masa jerin lambobin ƙofofi, da lambobin da suka fito daga hula, da takardun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman gida ɗaya da aka shiga ba ƙuri'a. Ina zaune a baya ina tuna takardu biyar ɗin nan masu layi. Da suna ciki, da ya watsar da aikin duka, har da na gaskiyar. Bai samu ko ɗaya ba. Unguwarmu ta fi jin jiki, cibiya ta zo hanyar Dusuman. Wancan ɓangaren ma awonsu ya nuna ba lafiya ba, da shi Likita ta yi ta faɗa har aka sa musu motar magani da ke zuwa duk mako. A ranar na je na durƙusa gaban Malam Bukar na janye maganata. Ya ɓara goro ya ba ni rabi.

Yanzu wayar da ke hannunku ita ke yin ƙuri'a, ta fi hula sauri, ban musa ba. Amma abin da kuka zuba mata shi za ta girgiza, kuma ba ta zagayawa baya ta yi alwala. Hauwa, in kin fita aiki jibi, ki ƙirga rigunan da ke kan igiya.

Yagana tana nan, tana da ɗan teburin banda kusa da rumfar Alhaji a Baga Road, wurinta nake sayen kifi. Bintu kuwa babu ita a cikin kowace takarda ta binciken nan, ko a lamba. Kwanan baya na je na tarar da ita ta taso daga makaranta tana taya uwarta ƙulla kifi, ta yi tsawo har ta kusa kafaɗata. Ta gaishe ni, ni kuma hannuna ya tafi da kansa ya kama damtsenta na hagu, daidai tsakiya. Ta yi dariya ta ce, "Anti, kullum sai kin riƙe ni a nan, me kike nema?" Na ce ba komai. Na matsa iya ƙarfina, yatsuna ba su haɗu ba.